Kiɗan Hannun Hagu

Berlevåg, 3 ga Nuwamba, 1994

Eilif,

Kafin ka wuce layin farko, ga gargaɗi. Kada ka karanta wasiƙar nan a tsaye kan matakala kana kwance takalmi, kada kuma ka cusa ta cikin tarin takardun kiɗanka da sunan sai ka samu lokaci. Nemi kujera ka zauna. Uwarka ce ke magana, kuma ka san ba na son maimaici.

Sai gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Ni dai da godiya, ban da gwiwar nan da ke tuna mini da kanta duk sanda iska ta juyo daga arewa. Rana ta fara yi mana ban kwana, in ta tafi kuma sai ƙarshen Janairu. Na haɗo maka safa da busasshen kifi. Kifin na ku biyu ne da goggonka, kada ka ɓoye shi a sama.

Jiya goggon taka Magnhild ta bugo waya. Ka san halinta, sai da ta gama da tsadar man shanu da ciwon bayan maƙwabciyarta kafin ta iso inda za ta. Da ta iso sai ta rage murya.

"Oddlaug, ba tsegumi zan yi ba."

"Duk wadda ta fara da haka tsegumi za ta yi. Faɗi."

"Yaron nan da ke ɗakin sama. Tun shigowar Oktoba abu guda yake bugawa. Tin, tan, tin. Ya yi shiru har in ce ko ya faɗi ne, sai kuma tin, tan, tin. Da can in ya zauna gaban piyanon nan har fitilar falona rawa take yi. Yanzu ko kyanwa ce ta taka maɓallan, za ta fi shi fitar da sauti."

Na ce mata wataƙila irin kiɗan naku ne na zamani, tunda a makarantarku an koya muku cewa kiɗan da babu komai a cikinsa shi ne na masu ilimi. Sai ta ce ba ta gama ba. Ta hau kai maka miya, ta tarar da hannunka na dama a cikin riga, kana kokawa da burodi da hagu, man shanu har gwiwar hannu. Ta tambaye ka, ka yi dariya ka ce aiki ne.

Aiki! Ni a sakandare na tsaya, amma ban taɓa jin aikin da ake yi da hannu a ɓoye ba. Lokacin da ka ajiye koyarwa, mai albashi da fansho, ka koma tsara wa mutane kiɗa a kan oda kamar tela, na faɗi abin da zan faɗa, ba ka ji ba, na bar ka da Ubangiji. Wannan kuwa ba zan bari ba. Jikin mutum amana ne, ba abin wasa ba.

Ba zan yi maganar a waya ba, don na san goggonka za ta tsaya a bayanka tana goge teburin da ba shi da datti. Ka rubuto. Me ya sami hannunka? Kana barci? Kana fita ka sha iska? Kana zuwa coci, ko shi ma sai da hannu biyu ake zuwa?

Uwarka,
Oddlaug

Bergen, 10 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaisuwa. Safa sun iso, kifi ma ya iso, Goggo ta ɗauki rabonta da ɗan ƙari. Ki riƙa ɗumama gwiwar.

Lafiyata ƙalau, hannu ma haka. Wani aiki na karɓa, na yi alkawarin ba zan yi maganarsa ba sai an gama. Yana ba ni wuya, sau biyu ana dawo mini da shi. Kullum ragewa nake yi, har yanzu ya yi yawa. Barci ina yi in ya zo. Fita kam ban cika yi ba.

Ki yi haƙuri da rubutun, da gajartar wasiƙar. Na gaji ne. Kada ki damu.

Eilif

Berlevåg, 17 ga Nuwamba

Eilif,

Ina gaishe ka. Gwiwa tana nan yadda take, ba ita ce damuwata ba.

Wasiƙarka ta iso. Sai da na juya ambulan na duba hatimin gidan waya kafin na yarda daga wurinka ta fito. Haruffa suna gangarawa kamar an zubo su daga tudu, sunanka a ƙasa kamar ɗan aji ɗaya ne ya rubuta. Kai da malamai ke zagayawa da littafinka suna nuna wa 'yan aji yadda ake rubutu.

Ka ce lafiyarka ƙalau. Na taɓa jin wannan magana a gidan nan.

Kana ƙarami shekarar da mahaifinka ya kwanta. Abin da ka sani shi ne an tafi da shi asibiti a kudu, bai dawo ba. Abin da ba ka gani ba, don wuni kake yi a gidan kakarka, shi ne yadda abin ya soma. Mutumin da ke buga mana ogan, abin kiɗan nan mai kama da piyano, a ɗakin addu'a kowace Lahadi, wanda ya haddace littafin waƙoƙi tun daga bango har bango, sai ga shi a lokacin duhu ya zauna gaban ƙaramin ogan na gida, ya buga layin farko na waƙa, ya tsaya, ya koma farko. Haka zai wuni. Layi na biyu ba ya zuwa. In na ce, "Arnfinn, kofinka ya huce," sai ya ce, "Lafiyata ƙalau, Oddlaug." Daga nan ya daina fita, ya daina aski. Rubutunsa ya koma irin wannan da ke gabana yanzu.

Wancan karon babu wanda ya san sunan ciwon a garin nan. Wasu suka ce gajiya ce, dattawan ɗakin addu'a suka ce gwaji ne, a yi haƙuri. Aka yi ta haƙuri har aka makara. Yanzu na san sunansa, ciwon damuwa mai tsanani ne, na kuma san akwai magani.

Na sauko da akwati. Zan hau jirgin ruwan da ke bin gaɓa zuwa kudu ranar Alhamis ta sama. Kusan mako guda ne a teku, ka kuma san yadda cikina yake da teku, amma jirgin sama ban taɓa hawa ba, ba kuma da furfura zan fara ba. Ka gaya wa goggonka ta gyara mini kujerar falo. In na iso, likita za mu je, ko kana so ko ba ka so. Ba shawara nake nema ba.

Uwarka

Bergen, 23 ga Nuwamba

Mama,

Dubi rubutun nan tukuna. Hannun dama ne, ga shi lafiya lau, yatsu biyar cif. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan ta same ki a gida ba a teku ba. Tun da na karanta taki nake buga waya, layi ba ya shiga. A rediyo an ce guguwa ta datse ku. Yau ne karon farko da na yi wa guguwa godiya.

Na je wurin mai aikin na nemi izini in gaya miki. Ta ce, "Uwarka za ta hau teku a Nuwamba saboda sirrina? Maza je ka rubuta, sakarai."

Sunanta Vibeke Tangen, dattijuwa ce kamar sa'arki. Mijinta Sverre likitan dabbobi ne, ya yi ritaya. Tun aurensu, kowace yamma bayan an ci abinci yakan buga piyano, kuma a jajibirin Kirsimeti shi ke buga wa 'ya'ya da jikoki. A bazarar bana ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya miƙe, yana tafiya da sanda, magana ta dawo, hannun dama bai dawo ba. Ya rufe piyanon ya sa ta ɗora tukunyar fure a kai. Tun daga nan in an gama cin abinci sai ya zauna yana kallon bango.

Abin da ta zo nema shi ne kiɗan da zai iya bugawa da hagu kaɗai. Hagun ma na tsoho, mai ɗan rawa, wanda ba ya buɗuwa sosai. Kuma kada kowa ya ji, don in magana ta zagaya ta dawo kunnensa cewa ana tsara masa abin tausayi, shi ke nan.

Na farkon da na kai mata, na zuba duk abin da na iya. Ta saurara ta ce, "Ɗan samari, wannan kanka ka rubuta wa. Mijina yatsu biyar gare shi, ba goma sha biyar ba."

Na koma na rage, na sassauta gudu. Kin san hannun hagu a ɓangaren sauti masu kauri yake zama, to a can na bar shi. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido, ta ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Zan ajiye shi don ranar jana'izarsa. Yanzu rubuta mini na mai rai."

A hanyar komawa gida na gane matsalata. Ban san mene ne hannu guda ba. Ina bugawa da hagu, amma dama tana gefe, ita ke juya takarda, ita ke riƙe benci, ita ke ba ni ƙarfin hali. Shi ya sa na ɗaure ta da bel a cikin riga, daga safe har in kwanta. Burodi da hagu, maɓallin riga da hagu, aski da hagu, wanda ya sa na bar aski. Wasiƙar da na rubuto miki ma da hagu, kuma wannan wauta ce, na yarda. Ban yi tunanin yadda za ta kasance a idonki ba.

Amma na koyi abin da nake nema. Hannun hagu makara yake yi. Yana sanin inda za shi, sai dai kafin ya isa lokaci ya wuce, kuma wannan makarar ce ke kunyata mutum a gaban 'ya'yansa. Sai na gina kiɗan a kan shiru. 'Yan sauti kaɗan, kusa da juna, su zagayo, sannan shiru wanda ban ƙayyade tsawonsa ba. In ya jinkirta, kiɗan ne ya ce a jinkirta, babu mai cewa ya yi kuskure. A kowane zagaye sauti guda ne kawai ke sauyawa. Na kuma ja benci zuwa dama, don hagun ya samu hawa wajen sauti masu haske. Tin-tan-tin ɗin da Goggo ke ji ke nan. Dalilin da ban gaya mata ba kuwa, wajen mai gyaran gashi ɗaya suke zuwa da Uwargida Tangen. In Goggo ta ji da safe, kafin rana ta raba Bergen ta ji.

Na ukun ta karɓa. Ba ta miƙa masa ba, a kan teburin cin abinci ta bar takardar kusa da jarida. Ya ɗauka ya duba.

"Wane malalaci ne ya rubuta wannan? Rabin takardar babu komai."

"Wani yaro ne, ɗan arewa."

"Kin biya shi?"

"Na biya."

"An cuce ki, Vibeke."

Ta bar masa takardar. Shekaranjiya ta dawo daga kanti, tun daga matakala ta ji sauti. Ta shiga ta tarar da tukunyar furen a ƙasa, ƙasa ta watsu a kan kafet, shi kuma yana kan benci. Bai waiwayo ba, cewa kawai ya yi, "Kada ki tsaya mini a kai. Kawo tsintsiya."

Mama, ban san haka abin Baba ya kasance ba. Na daɗe zaune da wasiƙarki a hannu. Ki yafe mini tsoron da na ba ki. Ga kaset nan na saka a ciki, ni na buga, da hagu. Ki saurara har ƙarshe kafin ki yanke hukunci. Yau na yi aski, na kuma taka har bakin tashar jirage na dawo.

Ɗanki,
Eilif

Berlevåg, 2 ga Disamba

Eilif,

Ina gaishe ka, ina kuma gode wa Ubangiji da na samu bakin gaisuwar. Lafiyata lau. Gwiwa ta kumbura saboda tsayuwar da ka sa ni a bakin teku, amma ta fara saɓewa. Rana ta tafi. An kunna fitilu a tagogi, ni ma na kunna tawa.

Ranar Alhamis ɗin na je tasha da akwatina cikin iskar da ke neman ɗaga mutum. Jirgin ya zo har bakin shingen ruwa, ya yi ta lilo, ya busa ƙaho, ya juya ya wuce. Ina tsaye ina kallon fitilunsa suna ƙanƙancewa. Ban yi kuka a gaban mutane ba, ka san ni, amma abin da na faɗa wa Ubangiji a hanyar gida sai da na nemi gafararsa daga baya. Hanyar mota a toshe, waya a mace. Akwatin ya kwana bakin ƙofa kwana da kwanaki, ni kuma ina zaune ina ganinka a gaban piyano kamar yadda na ga mahaifinka.

Da gari ya lafa, ina shirin komawa tasha, sai ga mai kawo wasiƙu. Ina ganin sunana a bayan ambulan da rubutunka na gaskiya, sai na buɗe nan take. A kan akwatin na zauna na karanta, da kwat ɗina a jiki.

Duk da haka ban kwance kaya ba. Takarda ba ta ƙin abin da aka rubuta mata. Na ce sai na ji da kunnena. Na aika a aro mini rakoda a gidan Gunvor, maƙwabciyata. Rakodar ta zo, Gunvor ma ta biyo ta da saƙarta a hannu, kamar an gayyace ta. Muka saka kaset muka zauna.

Tin, tan, tin. Shiru.

Gunvor ta ce, "Ya fara ne, ko gwada na'urar yake yi?"

"Ya fara."

"To ko batir ne ya yi sanyi?"

"Gunvor, in ba za ki iya shiru ba, ɗauki saƙarki."

Ya sake zagayowa, ya sake. Eilif, ba zan ɓoye maka ba, na tsorata. Ɗakin nan ya koma mini wancan lokacin duhun. Na kusa miƙa hannu in kashe. Sai na ji sauti ɗaya ya gusa. Da ya sake zagayowa wani ya ƙara gusawa, sama kaɗan. A hankali abin ya yi ta hawa kamar tsoho a kan matakala, yana hutawa, amma ba ya komawa baya. Ya kai inda zai kai, ya tsaya ya yi numfashi, ya sauko, ya sauka a kan sautin da kunne ke jira. Ya ƙare. Mutumin da ya rubuta wannan ya san inda za shi tun kafin ya tashi.

Gunvor ta ce, "Shi ke nan? Ai kuwa da daɗi. Har na manta ina ƙirga ido a saƙa."

Ni kuwa na shiga kicin na daɗe ina neman sukarin da ke gabana. Da na fito na kwance akwati, na mayar da shi saman kabad.

Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi. Har yanzu a wurina kiɗa shi ne wanda jama'a za su iya tashi tsaye su rera tare. Amma mutumin da ya zauna yana kallon bango ya koma kan bencinsa, ni kuma na fi kowa sanin abin da wannan yake nufi ga matar da ke gidan. Ka gaishe mini da Uwargida Tangen. Mace ce mai hankali, ta san mijinta, ta kuma san yadda ake mayar wa yaro aiki har sai ya yi daidai.

Da waya ta dawo na kira goggonka na ce ta kwantar da hankalinta, aiki ne da gaske.

"Wane irin aiki?"

"Irin wanda ba a faɗa wa masu zuwa gyaran gashi."

Ta yi fushi. Za ta huce. Ka sauka ka sha kofi da ita, don ba domin kunnenta ba da babu mai sanin halin da kake ciki, kuma ita ma ɗan'uwanta ta tuna.

Yanzu sai laifinka. Riƙe alkawari abu ne mai kyau, ni na koya maka. Amma babu alkawarin da ya hana ka rubuta cewa, "Mama, da gangan na ɗaure hannuna, kuma da hagu nake rubuta wannan." Layi ɗaya. Ba sunan kowa a ciki. Ka yi makonni kana koyon yadda tsohon wani gida yake ji a hannunsa, ba ka ɗauki minti guda ka yi tunanin yadda uwarka za ta ji a ranta ba. Na yafe, amma ban ce ba a yi ba.

Saboda haka ga doka, daga yau har ranar da za a fitar da ni daga gidan nan. Ka ɗaure wa masu ba ka aiki duk gaɓar da ka ga dama, hannu ne, ƙafa ce, wannan tsakaninka da su. Amma wasiƙar da za ta shigo gidana, da hannun dama za a rubuta ta. "Lafiyata ƙalau" kuma ba ta ƙara shigowa ita kaɗai, sai da bayanin abin da ka ci, da inda ka taka, da wanda ka yi hira da shi. Ranar da kuwa hannun ya ƙi da gaske, ko zuciyar ta yi nauyi, a makon za ka faɗa mini, ka kira abin da sunansa. Ko da jirgin sama ne, zan hau.

Uwarka,
Oddlaug